Ku Tambaya Mu Amsa: Gudu, Ƙwallon Tebur, Dambe da 'Yan Uwansu

Wasiƙun wannan karon kusan duk daga Zariya da kewayenta suka zo, kuma abin mamaki babu ko ɗaya da ta taɓo ƙwallon ƙafa. Duk sun karkata ga wasannin da mutum ke shiga fili shi kaɗai, inda in ya yi kuskure babu gola balle ɗan baya da zai ɗora wa laifi. Masu horar da 'yan wasa da ke taimaka wa wannan fili su suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 21, ina da burin shiga aikin soja, don haka sati biyu ke nan kullum da asuba ina gudu daga Kwangila zuwa Samaru a kan kwalta. Yanzu ƙwaurina ciwo yake yi, ko matakala ba na iya hawa sai na ɗingisa. Abokaina sun ce in daure, ragwantaka ce ke fita. In ci gaba? (Wani matashi, Hanwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ka dakata. Ba ragwantaka ce ke fita ba, ƙashinka ne ke kuka. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da gudu, cikin 'yan makonni za ka ji numfashinka ya daidaita, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Wannan tazarar ita ke kayar da sabon shiga: ƙirji na cewa a ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Fara da gwada wurin. Ka zauna ka bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa kana dannawa. In ciwon ya bazu kamar tsawon tafin hannu, yana kuma lafawa in ka huta, to wahalar tsoka ce da fatar ƙashi, hutu na maganinta. In kuwa wuri ɗaya ne tak kamar faɗin kwabo, yana damunka har a kwance, kuma ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, ƙila ƙashin ya fara tsagewa. Wannan na asibiti ne, ba na mai ɗori ko man zafi ba.

Ka huta kamar kwana goma zuwa sati biyu, sai ka ji tafiya ba ta maka ciwo. Sannan ka dawo da kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Sati biyun farko: tafiya da sauri minti biyar don jiki ya ɗumama, sai gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya, ka maimaita sau takwas. Sati na uku da na huɗu ka mai da gudun minti huɗu, sau biyar. Daga nan ka riƙa rage tafiyar har ka iya minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin saurin ba ya buƙatar agogo: in ba ka iya gaisawa da wanda ke gefenka har ku tambayi iyali ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Abin da za ka ƙara a mako kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata.

Ka sauka daga kwalta in da hali. Jar ƙasa ko filin makaranta sun fi tausayin ƙafa, ga shi titin Sakkwato da asuba na manyan motoci ne. In ka sami filin tsere na ƙa'ida, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, kilomita biyar kuwa zagaye 12 da rabi. Mai son gama kilomita biyar a minti 30 zai riƙa cinye zagaye a minti 2 da daƙiƙa 24, mai neman minti 25 kuma a minti 2 cif. Ka lura da layin da kake bi, domin kowane layi ya fi na cikinsa da mita bakwai da wani abu. Wanda ya yi zagaye goma a layi na takwas ya ƙara wa kansa fiye da rabin kilomita bai sani ba. Dalilin da ya sa ke nan a tseren mita 200 da 400 ake jera 'yan wasa wani gaba da wani.

Takalmi kuma, ko na gwanjo ne ba laifi, amma ka juya shi ka duba ƙasan. In dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ko ka matsa soson tsakiyar ka ji ya mutu ba ya dawowa, bar shi. Ka saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita.

Abubuwa biyu muna gani a wurin samari masu irin burinka, duka biyun haɗari ne. Na farko sa rigar leda ko rigar ruwa wai don a yi gumi. Gumi ruwa ne ba kitse ba. Hau sikeli kafin gudu da bayansa, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da sai ka mayar, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan ledar tana iya sumar da mutum. Na biyu shan tiramadol don kada a ji gajiya. Ba ya gyara komai, rufe bakin ciwon kawai yake yi har tsagewa ta zama karaya, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. In kana da sikila ko asma, ga likita tukuna kafin ka shiga atisaye mai tsanani. Ka ba kanka wata uku zuwa huɗu, ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Mun yi gardama a majalisa. Nawa ne tsawon gudun fanfalaki, kuma me ya sa lissafin bai cika daidai ba? (Wani mai shayi, Tudun Wada)

AMSA: Malam, kilomita 42 da mita 195 ne, wato ka ce ka bar Zariya ka ci rabin hanyar Kaduna da ƙafa. Wutsiyar nan ta mita 195 gadon gasar Olamfik ta Landan ce ta 1908, inda nisan hanyar da aka shata ya kama haka, sai a 1921 aka tsayar da shi ya zama ƙa'ida. Kelvin Kiptum na Kenya ya cinye wannan nisa a Shikago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35. A gida kuma, gasar birnin Legas ta fara ne a 2016. Wanda ya ci gardamar ya sayi shayin.

TAMBAYA: Muna da teburin tanis a bakin layinmu. Kullum rigima: wasu sun ce wasa maki 21 ne, wasu 11. Sannan akwai wani yaro da in ya yi sabis, ko me na yi ƙwallon raga take faɗawa ko ta yi waje. Asiri ne? (Wani ɗalibi, Sabon Gari)

AMSA: Ɗan uwa, dukkanku kuna da gaskiya, sai dai masu 21 sun tsaya a tsohuwar doka. Tun 2001 wasa maki 11 ne, kowa na yin sabis biyu ya miƙa. In aka yi goma da goma, sai sabis ya koma ɗaya-ɗaya har wani ya ba da ratar maki biyu. Karawa sukutum kuwa ana yin ta ne a kan wanda ya riga cin wasa uku cikin biyar, ko huɗu cikin bakwai.

Tunda kafinta ne ke haɗa yawancin teburan unguwa, ga awon: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi daga ƙasa santimita 76, raga santimita 15.25. Ƙwallon, wadda yara ke ce wa ƙwai, faɗinta milimita 40 ne, nauyinta giram 2.7. Gwajin katako mai sauƙi ne: saki ƙwallon daga tsayin santimita 30, ya kamata ta tashi kamar santimita 23. In ta gaza sosai, katakon ya yi siriri ko ya sha ruwan damina.

Ga abubuwan da suka fi jawo faɗa. Ƙwallon da ta goge kaifin saman tebur ta ci, wadda ta bugi gefensa ta ƙasa ba ta ci ba. Sabis da ya taɓa raga ya faɗa daidai, sakewa ake yi, ko sau nawa ne. A wasan mutum ɗaya da ɗaya sabis na iya zuwa ko'ina a ɓangaren abokin karawa, layin tsakiya na masu wasa bibbiyu ne. Wanda ya dafa tebur da hannun da ba ya riƙe da bat alhali ƙwallo na yawo, ya ba da maki.

Yaron nan kuwa ba asiri ba ne, murza ƙwallo yake yi. Amma fara duba ko sabis ɗinsa halal ne: dole ƙwallon ta zauna a buɗaɗɗen tafin hannu, a bayan ƙarshen tebur kuma sama da shi, a cilla ta sama miƙe aƙalla santimita 16, a buge ta tana saukowa, kuma kada a kare ta da hannu ko kafaɗa. Yawancin gwanayen bakin titi daga cikin yatsu suke bugawa, wanda haramun ne a gasa.

In sabis ɗin halal ne, to daina kallon ƙwallon, kalli bat ɗinsa a daidai lokacin da ya taɓa ta. In ya yanki ƙasanta kamar mai yanka albasa, tana zuwa ne tana juyawa baya, da ta taɓa bat ɗinka za ta nutse raga. Maganinta ka kwantar da fuskar bat tana kallon sama, ka shiga ƙarƙashinta ka tura gaba. In ya goge samanta daga ƙasa zuwa sama, za ta yi tsalle daga bat ɗinka ta wuce tebur, sai ka kifa fuskar bat ɗin ka rufe ta. In ya share ta ta gefe, za ta gudu ɓangaren da bat ɗinsa ya nufa, don haka ka auna ɓangaren da bat ɗin ya taso. Wannan na ƙarshen shi ke rikita kowa, sai an ɓarar da ƙwallo da yawa kafin hannu ya gane.

Robar fuskar bat ita ce rabin wasan. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kanta ta yi santsi, sai ka ga kana murzawa ƙwallo na zamewa. Goge ta da ɗanyen tsumma bayan wasa, ka sa a jaka, kada ka bar ta a rana. Kuma kada a raina teburin bakin layi: Aruna Quadri ɗan garin Oyo shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon tebur na Olamfik, a Riyo a 2016, Segun Toriola kuwa Olamfik bakwai ya halarta, daga 1992 zuwa 2016.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 17 ya nace sai dambe. Mu ba mahauta ba ne, ban gaji abin ba. Mene ne bambancin damben gargajiya da na zamani, kuma wanne ya fi sauƙin haɗari? (Wani uba, Ƙofar Doka)

AMSA: Baba, Allah ya raya shi. Gaskiya ne asalin dambe na rundawa ne, amma yau gidajen dambe cike suke da waɗanda ba su taɓa riƙe wuƙar fawa ba. A na gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle a ɗaure da zare, shi ne na duka. Ɗayan a buɗe yake a miƙe gaba, da shi ake kare kai, a auna tazara, a ture abokin karawa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wato an yi nasara a kansa, in an gama turmi ukun babu wanda ya faɗi sai a ce babu kisa a raba su. 'Yan wasa suna da ɓangarori, kamar Kudu, Arewa da Guramaɗa, yaro kuma yakan tashi ne a ƙarƙashin wani babba, shi ya sa za ka ji ana Shagon wane, Autan wane, ko Bahagon wane in da hagu yake duka.

Na zamani hannu biyu ne cikin safa mai soso, turmi minti uku, hutu minti ɗaya. 'Yan koyo da masu zuwa Olamfik turmi uku suke yi, ƙwararru masu neman kambu har 12. Babban abin da ya raba su, a ganinmu, sikeli ne: a na zamani ba a haɗa yaro da wanda ya fi shi nauyi nesa, a na gargajiya kuwa bisa al'ada ido da zuciya ne ke haɗa dambe. Najeriya tana da tarihi a nan, Hogan Bassey ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger a 1962, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu kuma ta ɗan dambe Nojim Maiyegun ce, tagulla a Tokiyo a 1964.

Ba za mu ɓoye maka ba, Baba, babu wanda ba shi da haɗari, domin duka biyun kai ake nema. Safa tana kare hannu da fatar fuska, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. In ya sha duka ya dawo gida da jiri, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a saba gani ba, ko yana maimaita tambaya ɗaya, a wuce da shi asibiti a daren, ko da bai suma a fili ba. Jini na iya taruwa a hankali, mutum yana hira da dariya, sai bayan sa'o'i ya kife. A damben zamani na 'yan koyo, wanda aka buge da dukan kai ba ya komawa fage sai bayan aƙalla kwana 30. A gidan dambe ba kowa ke lura da wannan ba, sai ka ga wanda aka kashe jiya ya sa zare yau. Duka na biyu a kan kan da bai warke ba shi ne mafi muni.

In ka yarda masa, to da sharaɗi. Wata shida na farko babu karawa, sai gudu, tsallen igiya, dukan buhu da koyon taku da kare kai, haɓa a sunkuye. Robar haƙori dole. Ɗaurin hannu kada ya matse har yatsu su yi sanyi ko su mutu. Ya koyi sauke naushi a kan ƙullin manuniya da na tsakiya, don na ƙaramin yatsa shi ne mai saurin karyewa. Batun tsaga hannu a zuba magani kuma, ka ja masa kunne: reza ɗaya a jikin mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, shekarata 38, likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Ba na son fita titi. Akwai wasan da zan yi a tsakar gida da 'ya'yana? (Wata malama, Gyallesu)

AMSA: Akwai, Hajiya: badminton. Raket biyu marasa nauyi, igiya ko raga, da ƙwallon gashi, shi ke nan. Cikakken fili tsawonsa mita 13.4, faɗi mita 5.18 ga mutum ɗaya da ɗaya, 6.1 ga bibbiyu, raga kuma mita 1.55 a jikin sanda. In tsakar gidan bai kai ba, rage tsawon amma ki bar ragar a tsayinta don hannu ya saba da gaskiya. Sabis daga ƙasa ake ɗaga shi, a karkace zuwa ɗaya kusurwar. In makinki cika ne, kamar sifiri ko biyu ko huɗu, daga dama za ki yi, in mara ne daga hagu.

Ƙwallon asali gashin tsuntsu 16 gare ta, nauyinta giram biyar ne ko kusa da haka, don haka iska kaɗan ke kwashe ta. Ki zaɓi sassafe ko bayan la'asar in iska ta kwanta. Ta gashi ba ta jure bushewar hunturu, nan da nan take karyewa, ta roba ta fi miki arha da daɗewa. Riƙon raket kamar musafaha ne, sako-sako, sai lokacin duka a damƙe. Masu riƙe shi kamar muciya su ke kwana da ciwon gwiwar hannu. Kada ki yi da silifas ko a kan siminti mai yashi, targaɗen idon sawu daga nan yake zuwa, zani kuma wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga ya fi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Fara da minti goma, kada kuma ki ajiye maganinki don kin fara wasa. In kika ji nauyi a ƙirji ko jiri, tsaya nan take.

TAMBAYA: Yaran unguwarmu suna zuwa dam da kududdufi koyon iyo da damina. Ƙanena yana so ya bi su. (Wata ɗaliba, Samaru)

AMSA: 'Yar uwa, hana shi. Kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini ba shi da gangare, taku ɗaya ruwa na gwiwa, na biyu ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Ruwan da ba ya gudu kuma gidan ƙananan dodon koɗi ne masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ba sai an sha ba. In yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti.

Iyo a wurin wanka da aka gina ake koyonsa, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, da babba wanda ya iya a kusa. Darasin farko ba bugun hannu ba ne, numfashi ne: a shaƙa ta baki a sama, a nutsa fuska a fitar a cikin ruwa. Na biyu kwanciya rigingine a kan ruwa, kunnuwa a ciki, ciki a sama, har jiki ya yarda ruwa na ɗaukarsa. Sai ya iya waɗannan a zo maganar ƙafa da hannu.

Ki kuma gaya wa yaran: wanda ke nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, shiru yake yi, kai a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita. Kada wanda bai ƙware ba ya faɗa ceto, domin mai nutsewa duk abin da ya kama dannewa yake yi. A miƙa masa gora ko igiya daga bakin ruwa, mai miƙawar yana kwance rub da ciki don kada a jawo shi, ko a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe.